Rawanin da Baba Ya Kai wa Ƙanensa Dubai

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a kan layin cefane, tambayar ɗaya ce: "Malama Rabi, yaya Dubai? Kin hau dogon benen nan? Ina tsarabarmu?" Sai in yi dariya in miƙa dabino in ce lafiya lau. Gaskiyar magana ko kasuwar gwal ban taka ba. Mahaifina na raka ya je ya ga ƙanensa da bai taɓa gani ba, kuma ƙanen nan Bature ne mai riƙe da sarautar gado a Ingila. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Sunan gidan sarautar kam ba za ku ji a bakina ba, na yi wa 'yarsa alkawari.

Duk wanda ya san Baba a Zariya da Malam Jatau ya san shi, saboda hasken fatarsa, ko da yake sunansa na yanka Abdullahi. Mahaifiyarsa Inna Rabi, wadda na ci sunanta, ta zauna da wani Di'o, Baturen mulki, a zamanin Turawa, mutanen gari suna ce masa Mai Lofe. Har ta koma ga Allah tana rantsuwa cewa an ɗaura aure, an raba goro, liman ya shafa fatiha. Baba yana da shekara biyu aka bugo wa Mai Lofe waya daga gida, ya haɗa akwatunansa ya ce zai dawo bayan damina. Damina sama da saba'in ta wuce ke nan.

A gidan kakansa na wajen uwa Baba ya tashi, dagacin wani ƙauye. Lokacin da sarautar ta faɗi yana ɗan shekara arba'in ya nema, masu zaɓe suka ce ɗan mace ne. A bayan idonsa wasu suka faɗi abin da ya fi wannan ciwo. Bai ƙara neman komai a wurin kowa ba. Ya yi aikinsa na malamin dabbobi har ya yi ritaya, ya haife mu mu goma sha ɗaya, shida maza. Abu ɗaya ne ya kasa haɗiyewa duk tsawon rayuwarsa: shin mahaifinsa ya taɓa ambatonsa, ko sau ɗaya, a baki ko a takarda?

Ƙanena Nura ne ya tono maganar ba da niyya ba. Yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai, sai ya yi gwajin nan na zamani da ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika a gano wa mutum danginsa. Shi wasa ya ɗauke shi. Bayan 'yan watanni sai ga saƙo daga wata Baturiya mai suna Helen, wai gwajin ya nuna kakansu ɗaya. Ita ma a Dubai take aiki, kuma mahaifinta, ɗan da Mai Lofe ya haifa a Ingila, yana zaune a wurinta saboda tsufa da ciwon mantuwa.

Muka je muka faɗa wa Baba. Washegari ya aika aka sayo masa farin rawani harsa da alkyabba mai aikin hannu.

Na ce, "Baba, Bature za ka kai wa rawani?"

Ya ce, "Uwata, sarautar gidan ubana tana hannun ƙanena. In sarauta ta tsallake babba ta faɗa kan ƙarami, babban ne ke fara zuwa mubaya'a, don kada a ce yana da ƙulli a zuciya. Na makara, amma ban mutu ba."

Biza ta ja mu wata da watanni, har Baba ya fara cewa ko ana jiran ya mutu ne a huta. Da ta fito muka kama hanyar Kano da sassafe. Ba mu wuce Kwanar Ɗangora ba taya ta fashe, direba ya buɗe but ya ga safayar ma a sace take. Baba ya zauna a gindin wata darbejiya rungume da jakar rawanin kamar mai jego da jariri, ni kuwa ina ta duba agogo ina yi wa direba faɗan da na san ba zai hura taya ba. Da ƙyar muka riski jirgi.

A cikin jirgin aka haɗa mu kujera da wata Hajiya Talatu, 'yar kasuwar abaya daga Kano, wadda ta fi sanin lungunan Dubai a kan unguwar mijinta. Ita ta ɗaure wa Baba bel, ita ta hana shi cin wani abu mai kama da kwaɗon da aka manta ba a sa wa ƙuli ba. Da muka ya da zango a Addis Ababa ta ja mu kamar tumakinta har ƙofar jirgi na biyu. Can ta dube shi ta ce, "Wai Baba wane kaya za ka saro ne?"

Ya ce, "Zumunci."

Ta ce, "Kai Baba, wannan kaya ba ya mayar da kuɗin jirgi."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Shi ya sa ba a rububinsa."

A filin jirgin Dubai na fara raina wayewata. Na ɗauka na san duniya don ina koyar da Turanci, sai ga ni a tsaye gaban matakala mai tafiya da kanta ina karanto addu'a. Wurin duba fasfo akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ido, Baba kuma yana da yana a idon hagu, na'ura ta ƙi shi har sau huɗu. Shi kuwa ganin jami'in cikin farar jallabiya da ƙyalle a ka, sai ya ɗauka babban malami ne, ya shiga gaishe shi da Larabcin allo yana tambayar iyali. Bawan Allah ya yi murmushi ya buga hatimi da hannunsa. A wurin kwastan aka zazzage jakarmu. Suka warware rawanin suna ja yana zuwa, suna ja yana zuwa, har wani ya tambaya ko labule ne. Rawani ya tsira, amma kilishin da Baba ya sa aka yi wa ƙanensa na musamman can muka bar shi. Ya yi ta juyawa yana kallon ledar har muka fita.

Nura na jiranmu a waje, ya yi ƙiba, bakinsa ya cakuɗe. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe ya ce, "Yalla Baba, mota na jira. Shwaiya shwaiya, akwai step a nan."

Baba ya dube ni ya ce, "Wannan da wane yare yake yi mini magana?"

Nura su shida ne a ɗaki ɗaya, gado kan gado kamar 'yan makarantar kwana, saboda haka ya kama mana ɗakuna biyu a wani ƙaramin masauki a Al Ras, saman shagunan kayan yaji. Ƙamshin kanumfari da citta har cikin matashin kai. A waje zafi kamar bakin tanda, a ciki kuwa na'urar sanyi ta ƙi rage ƙarfi, sai ga Baba ƙudundune cikin bargo da rana tsaka. Abincin farko da Nura ya kawo shinkafar Indiyawa ce, Baba ya kai loma biyu ya ture, wai wa ya zuba wa shinkafa turare. Sai da aka kai mu gidan wata mata 'yar Maraɗi a Al Rigga, wadda ke tuƙa tuwo a filat ɗinta tana sayar wa 'yan kasuwa, sannan ya ci ya yi gyatsa. Tana zuba masa miyar kuka tana cewa, "Bon, Baba, ci ka ƙoshi, nan gida ne." A hanyar dawowa ya bi ni cikin taragon mata na jirgin ƙasa ya zauna abinsa, mata suna ta kallonsa, Nura yana daga can yana ɗaga masa hannu. Da aka fahimtar da shi ya tashi da kunya, amma ya ce tsarin ya burge shi.

Helen a Bur Dubai take, tsallaken ruwa. Ana haye wa a wani ƙaramin jirgin katako da suke kira abra, mutum ya zauna a benci, ruwa na nan kusa da ƙafarsa. Baba ya sha babbar riga da hula, ya riƙe hannuna gam, mutumin da ya yi shekara talatin yana kayar da bijimai a yi musu allura. Wasu 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukarsa hoto, sun ɗauka wani sarki ne. Ban hana su ba.

Ta buɗe mana ƙofa da kanta. Doguwa ce, ta kai shekara arba'in da biyar, ga hancin gidanmu a fuskarta sak. Sai dai a ɗaure take, tana murmushi da baki ban da ido. Ta ce mahaifinta yau jikin ba daɗi, yana barci, sai dai mu dawo jibi da safe, don da safe hankalinsa ya fi zama. Ta kawo shayi a 'yan ƙananan kofuna, ba madara sosai, ba sukari, da biskit guda shida a faranti. Ta tambaya ko za mu ci abinci. Na fassara wa Baba, ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke," alhali tun kokon safe ba abin da ya shiga cikinsa. A gida da an sake tambaya sau uku, a ƙarshe a dire kwano a gabanka ko kana so ko ba ka so. Ita kuwa ta ce to, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Nura ya sunkuyo ya ce, "Yaya, a nan in ka ce a'a, khalas, an gama." Haka muka wuni da biskit bibbiyu.

Daga nan ta ɗauko wata doguwar takarda a naɗe ta shimfiɗa a tebur, ta danne gefunanta da kofuna. Salsalar gidansu ce, suna ƙarƙashin suna. Tana bayani ina juya wa Baba da Hausa.

Sarautar tasu ana kiran mai ita Baron, a gaishe shi da Lord. Wani sarkin Ingila ne ya ba kakan kakanninsu ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce, shi kuma attajirin ulu ne da ya taimaki sarki da jiragen ruwa lokacin yaƙi. Aka rubuta a takardar naɗin cewa sarauta za ta bi 'ya'yansa maza, babba kafin ƙarami, waɗanda aka haifa a auren da dokarsu ta sani. Daga wannan rubutun ba a ƙara waƙafi ba har yau. Ta nuna mana na uku a jerin masu sarautar, wanda ya cinye rabin gonakin gidan a caca. Ta nuna na biyar, wanda ya mutu ba ɗa, aka yi ta bincike har aka samo wani ɗan ɗan baffansa yana kiwon tumaki a wata ƙasa mai nisa, bai ma san yana da gadon komai ba. Mahaifinta shi ne na tara.

Baba ya ce, "Tambaye ta su wane ne masu zaɓen sarki a wurinsu."

Ta ce babu. Da numfashin uba ya tsaya, babban ɗa ya zama, ko yana barci, ko yana wata ƙasa, ko ba shi da hankali. Ba a naɗi, ba a neman yardar kowa.

Baba ya girgiza kai. A wurinmu ko sarautar unguwa ce sai an zauna an auna, a duba wa zai iya da jama'a, a yi kamun ƙafa, a ɓata da juna a shirya. Su kuwa sun miƙa wa takarda wuƙa da nama. Ya tambaya garuruwa nawa ke ƙarƙashin ƙanensa. Ta ce ko ɗaya. Gidan gadon ma an sayar, yanzu makaranta ce. Abin da ya rage suna ne, da wata jar alkyabba mai farin gashi a kafaɗa da ke cikin akwati.

Sai ta ɗora yatsa a kan wani suna ta ce wannan shi ne Mai Lofe, na takwas. Ba shi ne babba ba. Da yake ƙarami ba ya gadon komai a wurinsu, shi ya sa ya fita neman abin kansa har ya iso ƙasarmu. Wansa ne magaji, sai ya faɗo daga kan doki ya mutu bai yi aure ba, uban kuma ya bi shi cikin shekarar. Wayar da aka bugo ke nan. Aka ce ya dawo ya karɓi gida, ya yi aure, ya samar da magaji.

Na fassara wa Baba wannan a hankali. Shekara saba'in da 'yan kai yana zargin ko wani laifi Inna ta yi, ko shi ne aka guda. Ashe doki ne ya yi tuntuɓe a wata ƙasa.

Ƙarƙashin sunan Mai Lofe layi ɗaya ne ya sauko, zuwa kan mahaifin Helen. Ƙarƙashin wannan kuma sunanta ne ita kaɗai, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Baba ya ce to ita ce za ta gada ke nan. Ta ce a'a, mace ba ta gadon wannan sarautar. An bincika ko'ina, babu sauran namiji a zuriyar. Ranar da mahaifinta ya rasu, sarautar ta mutu, za a rubuta haka a littafi a rufe.

"Sarauta ta mutu?" in ji Baba. "Uwata, kin dai ji daidai? Mai sarauta ke mutuwa."

Na ce haka ta faɗa.

Ya dubi Nura da ke zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi: maza shida, jikoki maza sun fi ashirin, wasu ko sunansu sai ya yi tunani. Ga gida na mutuwa da ƙishirwa, ga rijiya a Zariya. Ya sa ɗan yatsa a farin wurin da ke gefen sunan ƙanensa, inda da nasa zai zauna, ya ɗan shafa wurin, ya janye hannunsa.

Helen ta ga wannan, sai ta gyara zama ta jawo wata ambulan. Ta ce gara ta faɗa tun yanzu don kada a yi rashin fahimta: ta tuntuɓi lauya, ya ce auren da ba shi da takarda dokarsu ba ta san da shi ba, saboda haka Baba da 'ya'yansa ba su da haƙƙi a sarautar, kuma dukiya babu.

Na so in tauna maganar kafin in miƙa, amma Baba ya yi aiki da Turawa, ya tsinci abin da ya tsinta. Fuskarsa ta canza. Na taɓa ganin wannan fuskar sau ɗaya ina yarinya, ranar da ya dawo daga fadar dagaci.

Ya ce, "Faɗa mata ban zo karɓar komai ba. Kawowa na yi."

Ya buɗe jaka ya fito da rawanin da alkyabbar ya ɗora a kan takardar. Na yi mata bayanin mubaya'a iyakar iyawata: cewa wa ne ya zo ya shaida wa duniya ya yarda ƙanensa ya riƙe gidan ubansu, ba ya jayayya, ba ya hassada. Wuyanta ya yi ja har kunne. Ta mayar da ambulan ɗin ƙarƙashin kujera, ta ce a ba shi haƙuri. Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba. Daga baya na tuna ita kaɗai ce, ba wa ba ƙane, tana jinyar uba a ƙasar da ba tata ba, sai na sauko.

Ta ce akwai abin da take so ya gani. Ta kai mu wani lungu inda aka rataye babban hoto: tsoho cikin jar alkyabba, yana riƙe da lofe. Wallahi sai da na ja da baya. Baba ne, in ka cire gemu ka sa masa jan kaya. Goshin, kunnuwan, har yadda yake ɗan karkatar da kai. Inna ba ta da hotonsa ko ɗaya, wannan ne ganin farko da Baba ya yi wa mahaifinsa da wayonsa. Ya daɗe a tsaye. Can ya cire hularsa, ya mayar, kamar bai san abin da ake yi a irin wannan wuri ba.

Bai juyo ba ya ce, "Tambaye ta, ya taɓa yin maganata?"

Helen ta ce ita tana ƙarama ya rasu, amma ya bar wasiƙu da littattafan da yake rubuta abin da ya faru kullum, za ta duba. Sannan ta ce in zo in taya ta kwashe kofuna. A kicin ta rufe ƙofa ta ce mini ta riga ta karanta su duka, tun ranar da gwajin ya fito, sau biyu. Ya rubuta sunan dokinsa Danda ya fi a ƙirga. Ya rubuta sunan kukunsa, da ranar da aka yi ruwan farko kowace shekara. Babu mace, babu yaro.

Ta ce, "Ke za ki faɗa masa ko ni?"

Na ce, "Ba ni, ba ke."

Ranar da aka sa mana muka sake hawa abra da hantsi. A wannan karon Helen ba ta tambayi kowa ba, ta cika tebur da abinci, ashe Nura ya yi mata karatu ta waya. Bayan mun ci ta shiga da mu ɗakin mahaifinta. Yana kan keken marasa lafiya a bakin taga, an rufa masa bargo a gwiwa, ɗan tsamurmurin tsoho, ko da yake Baba ya girme shi da shekara biyar. Tun a masauki Baba ya shirya tambayarsa, ya maimaita mini ita har sau uku don kada in rage komai: ko babanmu ya taɓa ce maka kana da wa?

Baba ya yi sallama. Tsohon ya juyo a hankali, ya ɗaga ido, sai ya kama hannun keken yana ƙoƙarin miƙewa. Ya faɗi kalma ɗaya da ba ta bukatar fassara. Uba ya kira shi.

Helen ta sunkuya tana ce masa a'a, wannan ɗan'uwanka ne daga Nijeriya. Ko kallonta bai yi ba. Ya kama hannun Baba da hannu biyu yana magana da sauri, muryarsa na rawa irin ta yaron da ya yi ɓarna.

Baba ya ce, "Me yake cewa, Uwata?"

Na ce, "Ya ɗauka kai ne mahaifinku. Yana cewa ka yafe masa. Wai ya sayar da gidan. Wai ya yi ƙoƙari amma bai samu ɗa namiji ba, a kansa sarautar za ta ƙare. Wai ya san ka dawo gida ne saboda ita, ga shi ya zubar."

Helen na tsaye a bayan keken. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ga shi a gabanta yana ba da haƙurin haihuwarta. Ta juya fuska wajen bango. Ni ma 'ya mace ce, na san inda abin ya soke ta.

Na jira Baba ya gyara masa, ya ce ni wanka ne, ya yi tambayar da ta ɗauko mu tun daga Zariya. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan farin gashin tsohon.

Ya ce, "Ce masa na yafe. Ce masa sarauta aro ce, mai ita ya karɓi abinsa, ba laifinsa ba ne. Ce masa ya juya ya dubi wadda ke tsaye a bayansa, ban bar masa abin da ya kai ta ba. Allah ya yi masa albarka."

Na faɗa da Turanci. Tsohon ya saki ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka, ya kwantar da kumatunsa a hannun Baba.

Nura ya miƙo rawanin. Baba ya naɗa masa da kansa, zagaye bayan zagaye, shi kuwa ya tsaya cik kamar yaron da ake yi wa aski. Aka yafa masa alkyabba. Sannan Baba, da gwiwoyin da ko sallah a kujera yake yi, ya dafa kafaɗata ya sauka har ƙasa, ya dunƙule hannu ya ce, "Allah ya ja zamaninka." Tsohon ya ruɗe, yana ta cewa Baba tashi, Baba me ya sa kake ƙasa. Sai da ni da Nura muka haɗu muka ɗaga shi.

A cikin abra muna komawa, Baba bai riƙe hannuna ba, ruwan kawai yake kallo. Na ce, "Baba, ba ka tambaye shi ba."

Ya ce, "Wa zan tambaya, Uwata? Yaro ne ya ga ubansa. Ni da na samu haka, ko na ƙarya ne, da na karɓa."

Kwana biyu bayan nan muka taso. Na sayi dabino da turare a Al Ras don bakin mutane, shi ke nan tsarabar. Hanyar dawowa ba abin da ya faru, ko taya ba ta fashe ba.

Wata uku da dawowarmu Helen ta bugo ta ce mahaifinta ya rasu, kuma ta sa rawanin a cikin akwatin gawarsa. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya zauna kwana uku yana karɓar gaisuwa. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa suna yi masa ta'aziyyar Baturen da ba su taɓa gani ba, wasu da zuciya ɗaya, wasu don jin gulma. Duk wanda ya tambaya wa aka naɗa, sai ya ce, "Ba a naɗa kowa ba, gidan ya rufe." Yana faɗa, jikokinsa maza suna ta guje-guje a gabansa suna tayar da ƙura a kan tabarmin baƙi.

Duk Juma'a in na je gaishe shi sai ya ce, "Helen ta gama duba takardun?" Ni kuma in ce tana kan dubawa, suna da yawa. Na yi wannan ƙaryar har na daina jin nauyinta a baki, sai a ƙirji. Juma'ar da ta wuce na same shi a zaure da hoton Mai Lofe da Helen ta wanko masa, ya ɗora a gwiwa. Na gaishe shi na zauna ina jiran tambayar, amsata a shirye.

Can ya ce, "Uwata, ki ce wa 'yar ƙanena ta huta haka nan. Sunan da aka rubuta ba ya wuyar gani."

Ya kife hoton a kan tabarma, ya ce in miƙo masa buta.